Shagon ɗinkin kayan coci a Garwa: hannu ya faɗa, amma sai ka faɗa musu wane bishop ne zai sa

Shagon yana cikin Garwa, a arewacin Kamaru, kuma sana'arsa ɗaya ce: ɗinka kayan limaman Katolika da kayan bagadi, da haɗa wa coci abin da zai buƙata ranar da bishop zai zo. Kwamitocin coci daga Pitowa, Gidar, Figil har Lagdo kan kai musu aiki, haka ma iyalan da ke son yi wa Monsenyer, wato bishop, kyauta. Hukuncinmu a taƙaice shi ne ɗinkinsu ya kai a biya kuɗinsa. Inda suke tuntuɓe shi ne bambance matsayin bishop-bishop, musamman idan mai zuwan mataimakin bishop ne. Mai kai aiki ya san wannan bambanci kafin ya taka ƙofar shagon, domin tela abin da ya gani a hoto yake kwaikwaya, hoto kuwa ba ya faɗin dalili.

Mataimakin bishop cikakken bishop ne. Naɗin da aka yi masa iri ɗaya ne da wanda aka yi wa Akbishop: bishop uku aƙalla suka ɗora masa hannu, aka shafa masa mai a ka, aka miƙa masa littafin Bishara da zobe da doguwar hula da sanda. Yana ba da Sakramentin Ƙarfafawa, wato shafa wa waɗanda aka yi wa baftisma tsarkakakken mai a goshi, yana naɗa fada da dikon idan mai dayosis, wato bishop mai mulkin yankin, ya ba shi aikin, yana keɓe sabon coci idan an wakilta shi. Abin da ya rasa shi ne dayosis tasa ta kansa. Shi ya sa Roma ke ba shi sunan wata tsohuwar dayosis da ta shuɗe, da yawansu a ƙasashen Tunisiya da Aljeriya na yau, ya riƙe sunan kawai yana aiki a ƙarƙashin wani. Dokar Ikklisiya ta 1983 ta yi bayaninsa daga sashe na 403 zuwa 411. Mai dayosis ne ke roƙon a ba shi mataimaki idan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya aika sunayen fada uku aƙalla, Fafaroma ya zaɓa. Wanda aka zaɓa ya kama aiki ranar da ya nuna takardar naɗinsa ga mai dayosis a gaban magatakardan dayosis. Dole a ba shi muƙamin babban wakilin bishop, ko aƙalla wakili a kan wani yanki ko wani fanni na aiki. Kuma ba shi da gadon kujera. Idan mai dayosis ya rasu ko ya yi ritaya, mataimaki yana riƙe al'amura na ɗan lokaci, har majalisar mashawarta ta zaɓi mai riƙon ƙwarya cikin kwana 8, wanda zai iya zama shi, zai iya zama wani.

Akwai kuma wani nau'in mataimaki, mai jiran gado, wanda shi yana gadon kujera. Garwa ta ga nau'i biyun a shekara guda, kuma wannan ya isa misali. Monsenyer Jean Pasquier ya yi wa Monsenyer Yves Plumey mataimaki tun 1969. Da aka ƙirƙiro dayosis ta Ngaundere a 1982, sai da aka yi masa sabon naɗin muƙami kafin ya zama bishop nata na farko. A wannan shekarar ce aka ɗauko Monsenyer Christian Tumi daga Yagwa aka kawo shi Garwa a matsayin mataimaki mai jiran gado, ya kuwa hau kujerar a 1984 da Plumey ya sauka, ba tare da an sake neman kowa ba. A fadar lamiɗo, na farkon kamar waziri yake, na biyun kamar yariman da aka riga aka ayyana. A kudu ma an ga irin hanyar Pasquier: Agapitus Nfon ya yi mataimaki a Bamenda daga 2011 kafin a ba shi Kumba a 2016, Michael Bibi ya bi bayansa a 2017 kafin a ba shi Buya. Ga maƙwabtanmu na Maiduguri kuma, suna da mataimaki, John Bakeni, tun 2022. Saboda haka ba abin mamaki ba ne coci a arewa ya tarbi mataimakin bishop da aka gayyato daga wata dayosis don ya taya ba da Ƙarfafawa ko ya halarci biki.

Ma'anar wannan ga tela a fili take. Duk abin da ya shafi naɗin bishop, mataimaki yana sa shi ba ragi. Duk abin da ke nuna mulkin dayosis ko shugabancin lardi, wato tarin dayosis da Akbishop ke jagoranta, ba nasa ba ne, ko kuma sai da izini.

A ɓangaren farko shagon ya yi rawar gani. Farar sutan ɗinsu, wato doguwar rigar limami, wadda ita ce aka fi sawa a ƙasashe masu zafi, an yanka ta da sanin jikin mai zaman mota da tsayuwar awa uku a gaban jama'a. Suna barin ninki mai zurfi a baya da gefe biyu, don haka ba ta ɗaure ƙafa wurin hawa matakalar bagadi ko durƙusawa. Maɓallai 33 na gaba da biyar-biyar na bakin hannu, da yadi suke lulluɓe su da hannu, ramukansu ma da hannu ake ɗaurewa, ba sa tsefewa bayan wanki biyu kamar na keke. Yadin da suke ba da shawara a kai shi ne auduga mai ɗan gaurayen roba kaɗan. Mun yarda da su. Auduga zalla tana yamutsewa kafin a isa Poli, mai roba da yawa kuwa azaba ce a watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Ka ce musu kada su sa shafi sai a kafaɗa da ƙirji. Suna da halin shafe rigar duka don ta yi nauyi a ido, wanda zai sa ta kuwa gumi zai sha.

Sai launi, kuma nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Shunayya iri biyu ce a coci. Akwai mai duhu wadda ta karkata ga shuɗi, ta lokacin jiran Kirsimeti da lokacin azumi, wadda kowane fada ke sawa a Mas. Akwai kuma ta bishop, mai haske wadda ta karkata ga ja, ita ce ta ɗamara da ƙaramar hular kalot. A kasuwa duka biyun suna ɗaya ake kiran su, mai sayar da yadi kuma abin da ke kan kanta zai miƙo. Shagon yana da guntun yadin gwaji na kowace, amma yaran shago ba kullum suke ɗauko shi ba. Ka nemi a nuna maka, ka fita da shi bakin ƙofa ka duba a hasken rana, domin fitilar cikin shago tana ɓata ido. In ya yi ja wur, ya zama na kadinal, a mayar. Abu na biyu, zanen launin da ake bi gefen farar sutan da shi yana zuba idan ba a jiƙa yadin an wanke kafin ɗinki ba. Gwajin ba wuya: jiƙa farin ƙyalle, murza a kan zanen, in ya ɗauki launi to wankin farko zai bar jan layi daga wuya har ƙasa, kuma babu sabulun da zai fitar. Maigidan shagon ya san wannan, yana wankewa idan akwai lokaci. Aikin gaggawa ne ke fitowa ba a wanke ba.

Ɗamara suna yin ta daidai: faɗin wajen santimita 15, tana zama sama da cibiya, harsuna biyu na sauka ta hagu, ƙarshensu geza. Tun umarnin Roma na 1969 aka daina mai tuntu, su ma ba sa yi.

Doguwar hula ita ce aikin da ya fi nuna gwanintarsu da kuma rauninsu. Surfanin yana da kyau ƙwarai, kuma ba mamaki, domin masu yi mutane ne da suka ƙware a aikin babbar riga, da yawansu Musulmi, hannunsu ya saba da zaren zinari da lissafin zane. Harsuna biyu na baya suna faɗuwa daidai a kan kafaɗa, gezarsu ba ta karkace. Matsalar tana ciki, inda ido ba ya gani. Idan ba ka yi magana ba, kwali suke sawa don hular ta tsaya. Kwali yana shan gumi, ya yi laushi a goshi, ya bushe a lanƙwashe, kafin damina ta fita tsinin gaba ya sunkuya. Ka ce a sa siririn faifan roba ko yadi mai tauri ninki biyu, a kuma zagaya ciki da ƙyallen auduga da za a iya warewa a wanke. Awo kuma a ɗauke shi da kalot a ka, domin a kanta ake ɗora hular. Wanda ya auna kai tsirara zai sami hular da ke zama a tsakiyar kai tana rawa. Idan kyauta ce ba za a iya auna mai ita ba, a tambayi sakatarensa lambar, kada a yi kintace da hoto. Kuma mai son kyautarsa ta yi amfani ya tuna bishop yana buƙatar farar hula marar ado don Larabar Toka, Juma'a Mai Tsarki da jana'iza. Masu ado sukan taru masa a akwati, fara kuwa ita ce ke saurin datti kuma ba mai tunawa da ita.

Rigar Mas ta sama suna yanka ta da tsawon santimita 120 zuwa 130 daga kafaɗa, wajen mita 3 na yadi mai faɗi ke shiga. Tana zuba da kyau, wuyanta ba ya shaƙe. Siririyar rigar dikon da bishop kan sa a ƙarƙashinta a manyan bukukuwa, sun iya yin ta da yadi marar nauyi, wannan kuwa rahama ce a nan. Igiyar gicciyen ƙirji, kore da ruwan zinari, suna murɗa ta da kansu kuma ba ta warwarewa.

A kan rigar Mas ɗin ne kuma kuskurensu mafi girma ke fitowa. Akwai wani farin ɗauri na gashin tunkiya mai baƙaƙen gicciye shida da ke zagaye wuya ya sauko gaba da baya, ana kiransa paliyum. Fafaroma ke sa masa albarka ranar 29 ga Yuni, kuma na Akbishop shugaban lardi ne kaɗai, yana sa shi a cikin lardinsa. A arewa, Akbishop na Garwa ne ke da shi, lardinsa kuma ya haɗa Marwa-Mokolo, Yagwa da Ngaundere. Bishop na Marwa ba ya sawa, balle mataimaki. Masu surfani sun ga hoton Akbishop da shi, suka ɗauka ado ne na rigar, har suna da zanen farin layi mai baƙaƙen gicciye a cikin samfurin da suke nuna wa masu saye. Kada ka zaɓe shi. Bishop ɗin da aka ba irin wannan riga zai yi godiya, ya naɗe ta, ba zai taɓa sawa ba, kuɗin mata da suka yi wata shida suna adashi ya tafi a banza. Wannan ne ya fi ci mana rai a aikin shagon, domin gyaransa cire takarda ɗaya ce daga littafin samfuri.

Tambarin bishop ma haka. Kowane bishop yana da nasa, da koriyar malfa a sama da tuntaye na saukowa gefe biyu. Na bishop, ko mai dayosis ko mataimaki, tuntu shida ne a kowane gefe, jeri uku: ɗaya, biyu, uku, gicciyen bayan garkuwa kuma mai gilma ɗaya. Na Akbishop goma-goma ne a jeri huɗu, gicciyensa mai gilma biyu. Mai buga musu tuta da atamfar biki yana da tsohon zane a kwamfuta, sai ya canza tsakiya ya bar tuntayen yadda suke. Ka ƙirga da yatsa a kan takardar gwaji kafin ka sa hannu. In an riga an buga atamfa, ba gyara, mutum ɗari za su shiga coci sanye da kuskuren.

Sanda ba su ke yi ba, suna ba wani masassaƙi da maƙerin farin ƙarfe ne su haɗa. Gaɓa uku ko huɗu ake yi masu ɗaurewa da zare, don ta shiga jaka, tsawonta wajen santimita 180. Sassaƙar kan tana da kyau. Abin dubawa biyu ne. Icen ya zama busasshe tun asali, in ba haka ba hunturu zai tsaga shi daidai inda aka dasa ƙarfen. Zaren gaɓoɓin kuma ya zama na tagulla a cikin tagulla, domin ƙusa a cikin ice tana cinye ramin, sandar ta fara girgiɗi a hannun mai ita yana tsakiyar wa'azi. Ka ce a sa roba a gindi saboda siminti da tayil. Amma kafin a kashe kuɗi, a san ƙa'idar: sanda alamar kiwon garke ce a ƙasar da aka ba mutum. Bishop ɗin da ya zo daga wata dayosis yana riƙe ta ne da yardar mai wurin, kuma idan bishop da yawa sun taru a Mas ɗaya, wanda ke jagoranta shi kaɗai ke riƙewa. Saboda haka kwamitin da ya shirya yara uku masu riƙe sanda don bishop uku ya yi aikin banza. Yaro ɗaya na sanda ya isa, ɗaya na hula, kowanne da farin mayafin kafaɗa don kada gumin hannu ya taɓa kayan. Mayafan nan shagon yana da su a ɗinke, da aljihun hannu a ciki, kuma suna da araha.

Kujera ma tana da magana. Kujerar mulki ɗaya ce a dayosis, tana babban coci, a nan Garwa cocin Santa Teresa. Ta mai dayosis ce, wani bishop ba ya zama a kanta sai shi ya ce ya zauna. A sauran coci-coci, kujerar mai jagorantar Mas ta isa, kuma ƙa'idar Mas ta hana a mayar da ita kamar gadon sarauta. Shagon yana tallar wata rigar kujera mai rumfa a sama da tambarin dayosis a jingina. Ka bar musu. Fara ko ja marar rubutu, mai igiya a baya don kada ta zame, ita ce daidai ga kowane bishop, kuma za ta yi shekaru ana amfani da ita.

Takardar tsarin Mas da suke bugawa tana buƙatar idon katikis ko fada kafin ta fita. A babbar addu'ar Yukaris ana ambatar Fafaroma, sannan bishop mai dayosis, ko da ba ya nan. An yarda a ƙara sunan mataimakinsa ko mai jiran gado na wannan dayosis. Baƙon bishop da ya zo halarta kawai, ba a sa sunansa. Idan baƙon ne ke jagoranta, shi da bakinsa zai ambaci ɗan'uwansa bishop na wurin, sannan ya ambaci kansa. Mai bugawa kan cire sunan mai dayosis ya sa na baƙo, wai don girmamawa, wannan kuwa kuskure ne. A duba sunan Fafaroma ma, domin akwai tsofaffin zane da suka rage da Francis bayan an zaɓi Leo na 14 a watan Mayun 2025.

Kayan ranar Ƙarfafawa, wanda shi ne aikin da ya fi kai mataimakin bishop ƙauyuka, shagon yana haɗa su a jaka ɗaya, kuma a nan ba mu da ƙorafi. Akwai ƙyallen cinya mai igiya da ke tare mai daga ɗiga a kan riga, da tawul biyu, da auduga, da ƙaramin gwangwanin mai mai faɗin baki wanda babban yatsa ke shiga ba tare da an karkata shi ba, murfinsa kuma yana ɗaurewa sosai. Ana cusa auduga a ciki ta sha man, don kada ya zube a hanya. Man kirisma kansa ba sa sayarwa, kuma da ka tambaya za su ce maka ka je wurin fada, wannan ya nuna sun san iyakarsu: mai ne na zaitun ko na wani tsiro, da turare a ciki, bishop kaɗai ke tsarkake shi a Mas na musamman dab da Ista, daga nan a raba wa coci-coci. Kada a bar gwangwanin a mota a rana, zafi yana sa man ya yi ɗoyi. Abin da kwamiti zai tanada da kansa shi ne lemun tsami a yanke, gutsuren burodi, sabulu, buta da kwano don wanke hannun bishop, da katin suna ga kowane mai karɓa, a rubuce da manyan baƙaƙe. Audugar da ta taɓa mai ƙona ta ake yi, ruwan wankin kuma a zuba a ƙasa mai tsabta. Launin ranar ja ne ko fari, sai dai in ta faɗo a Lahadin azumi, ko ta jiran Kirsimeti, ko ta lokacin Ista, ko wani babban idi, sai a bi launin ranar. A tambayi fada kwanan wata kafin a yanka yadin bagadi.

Mu'amalarsu da mutane ba laifi. Suna karɓar rabin kuɗi su ba da rasit mai ɗauke da awo da launi, kuma suna gyara kuskuren da ya fito daga wurinsu ba tare da jayayya ba. Farashinsu ya yi ƙasa da na kayan da ake odar su daga Turai, ya ɗan ɗara na telan unguwa, kuma bambancin yana bayyana a maɓalli da lafi. Alkawarin lokaci ne ba a dogara da shi ɗari bisa ɗari. Makonnin da ke gaban Ista da Kirsimeti shagon a cike yake, gabanin Sallah kuma masu surfani suna kan manyan riguna, ga ɗaukewar wuta da ke tsayar da keke rabin yini. A kai aikin hula da riga wata biyu kafin ranar. Idan kuwa sabon naɗi ne, a yi sauri fiye da haka, domin doka ta ba wanda aka zaɓa wata uku ne kacal daga karɓar takardarsa zuwa ranar naɗi, kuma kowa a lokacin yake rububin tela.

Ranar kai aiki, ka tafi da takarda daga sakataren bishop mai ɗauke da awon kai, tsawo, da hoton tambarinsa na gaskiya. Ka ce wa mai shagon a fili: "Maigida, wannan na Monsenyer mataimaki ne. Tuntu shida, gicciye mai gilma ɗaya, ban da farin ɗaurin wuya, ban da kwali a hula." Ka tsaya har ya rubuta a rasit. Ranar karɓa kuma ka buɗe kowane ƙulli a gabansa, ka lanƙwasa gefen hular kaɗan da yatsa: roba tana komawa yadda take, kwali yana barin layi.